Saɓanin Kiristoci Kan Ayoyin Luwaɗi A Baibul Da Darasin Da Ke Ciki Ga Matasanmu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun samari da zaurukan WhatsApp, tun daga cikin garin Haɗeja har Malam Madori da Auyo da Kafin Hausa, a duk lokacin da labarin auren jinsi ya ɓullo daga Turai ko Amurka. Sai ka ji wani ya ce, "Ai Kiristoci sun halatta luwaɗi," kowa ya gyaɗa kai, a wuce wurin. Wannan magana tana da illa biyu. Ta farko, zalunci ce ga maƙwabtanmu Kiristoci, ɗan kasuwar da muke ciniki da shi, da ɗan bautar ƙasar da ke koyar da ƙannenmu, da abokin karatunmu a Kwalejin Binyaminu Usman, domin manyan cocin Najeriya, irin su ECWA da Angalika da Katolika, ba su halatta ba, wasunsu ma sun ɓata da uwayen ɗakinsu na Turai a kan batun. Illa ta biyu kuwa ta fi ta farko, wato maganar tana hana mu sanin yadda aka yi har wasu malaman Kirista, masu digiri da sanin harsunan littafinsu, suka kai ga sabuwar fassara. Wanda bai san ta inda ɓarawo ya shiga gidan maƙwabcinsa ba, da wuya ya san ƙofar da zai tsare a nasa gidan.

Ayoyin Da Ake Jayayya A Kansu

Littafin da Kiristocin Hausa ke kira Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, bayan aikin da Likita Walter Miller na Zariya da abokansa suka yi, sannan aka fitar da sabuwar fassara a 1979. Don haka duk abin da zan ambata, mai son bincike zai iya dubawa da harshensa. Wuraren da muhawarar ta fi tsayawa a kansu shida ne. Uku suna cikin Tsohon Alkawari: Farawa sura 19, da Littafin Firistoci 18:22 da 20:13. Uku kuma suna cikin wasiƙun da ake jingina wa Bulus a Sabon Alkawari: Romawa 1:26-27, da 1 Korantiyawa 6:9-10, da 1 Timoti 1:10. Tsawon ƙarnoni coci-coci suna fahimtar waɗannan wurare a matsayin hani. Sai a tsakiyar ƙarni na 20 aka fara ƙalubalantar wannan fahimta da hujjojin ilimi.

Mu fara da Farawa 19, labarin Saduma da Gwamrata, wanda ya yi daidai da ƙissar Annabi Luɗu (AS) a wurinmu. Baƙi biyu sun sauka a gidan Lutu, kamar yadda suke kiransa, mazan gari suka kewaye gidan suna neman a fito musu da su. A 1955 wani limamin Angalika a Ingila, Derrick Sherwin Bailey, ya fitar da littafi yana cewa kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita wajen buƙatar mutanen tana nufin "sani" ne kawai, ta zo sau ɗaruruwa a Tsohon Alkawari, a wurare kaɗan ne take nufin saduwa. A ganinsa laifin Saduma shi ne wulaƙanta baƙo. Masu bin sahunsa suka ƙara da Ezekiyel 16:49, inda aka lissafa laifin Saduma da girman kai da ƙoshi da ƙin taimakon matalauta. Masu riƙe da tsohuwar fahimta suka amsa da cewa kalmar ta sake zuwa bayan ayoyi uku kacal, a maganar Lutu game da 'ya'yansa mata, kuma a can babu mai shakkar ma'anarta. Suka ce Ezekiyel bai tsaya a aya ta 49 ba, aya ta 50 ta ambaci aikata abin ƙyama, kuma wasiƙar Yahuza aya ta 7 ta danganta halakar Saduma da fasiƙanci. A yau 'yan kaɗan ne ke kare fassarar Bailey ta "sani". Abin da masu sabuwar fahimta suka koma faɗi shi ne labarin na yunƙurin fyaɗen taron dangi ne, bai shafi mutum biyu da suka yarda da juna ba. Adalci shi ne a faɗa cewa wasu malaman ɓangaren gargajiya ma sun yarda wannan sura ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

A Littafin Firistoci kuwa lafazin hanin a fili yake, har sura ta 20 ta ambaci hukuncin kisa. Don haka jayayyar ta koma kan tambayar ko dokar tana hawa kan Kirista. Masu sabuwar fahimta suka ce ai a littafin nan ne aka hana cin naman alade da sa tufafin da aka saƙa da zare iri biyu, kuma babu Kiristan da ke kiyaye waɗannan, to don me za a zaɓi wannan a bar waɗancan? Ɗaya ɓangaren suka ce tun da daɗewa coci ta raba dokokin Attaura gida uku: na ibada, da na mulkin Bani Isra'ila, da na ɗabi'a. Sashe na 7 na ƙa'idoji 39 na Cocin Ingila, waɗanda aka kammala a 1571, ya tabbatar da cewa dokokin ɗabi'a suna nan daram. Suka ce sura ta 18 da ta hana luwaɗi ita ce ta hana kusantar muharramai da matar maƙwabci da yin hadaya da 'ya'ya ga gunki, kuma babu mai cewa waɗannan sun faɗi.

Romawa 1 ita ce ta fi kowace nauyi, domin tana cikin Sabon Alkawari, kuma yawancin malamansu suna ganin ta haɗa da maɗigo. John Boswell, malamin tarihi a Jami'ar Yale, ya ce a littafinsa na 1980 Bulus yana zargin waɗanda ɗabi'arsu ta son mata ce suka bar ta, ban da wanda ya tashi da son jinsinsa. Robin Scroggs a 1983 ya ce abin da Bulus ya sani a zamaninsa shi ne manya masu lalata da yara maza da bayi, kamar yadda ya yaɗu a tsakanin Girkawa da Romawa. Matthew Vines a 2014 ya ce wuce gona da iri a sha'awa ake zargi. Robert Gagnon, a babban littafinsa na 2001, ya bi waɗannan hujjoji ɗaya bayan ɗaya. Amsar ɓangarensa ita ce nassin ya ce mazan suna sha'awar juna, wanda ke nuna yardar kowa, kuma ambaton mata ya rushe batun lalata da yara, sannan Bulus ya gina maganarsa ne a kan tsarin halittar namiji da mace da ke farkon Farawa.

A Korantiyawa da Timoti rigimar ta kalma ce. Bulus ya lissafa masu laifi, ya sa kalmomin Girkanci biyu, malakoi da arsenokoitai. Ta farko asalinta "masu laushi". Ta biyu an haɗa ta ne daga "namiji" da "shimfiɗa", kuma ba a san an yi amfani da ita kafin Bulus ba. Masu sabuwar fahimta suka ce ma'anarta ba ta tabbata ba, suna kuma tunatarwa cewa kalmar Turanci ta zamani mai nufin masu son jinsinsu ba ta shiga fassarar Baibul ba sai a 1946. Aka amsa musu cewa sassan kalmar guda biyu suna jere da juna a tsohuwar fassarar Girkanci ta Firistoci 20:13, wadda Bulus ya sani, don haka daga can ya ƙero ta. Haka kuma idan an ce Annabi Isa (AS) bai taɓa magana kan batun ba a Linjilar da ke hannunsu, sai su nuna Matiyu sura 19, inda aka ruwaito ya bayyana aure da haɗuwar namiji da mace.

Inda Gizo Ke Saƙar

Ya kai ɗan uwa mai karatu, duk wannan taƙaddama ta kalmomi ba ita ce ta yanke hukunci ba. Wasu daga cikin manyan masu goyon bayan canji sun faɗi haka da bakinsu. Luke Timothy Johnson, masanin Sabon Alkawari kuma ɗan Katolika, ya rubuta a 2007 cewa shi ba ya jayayya da abin da nassin ya ce, amma yana fifita wata hujja a kansa, wato abin da mutane suka gani suka kuma ɗanɗana a rayuwarsu. Richard Hays, wanda littafinsa na 1996 ya zama madogarar masu hani shekaru da dama, ya sauya matsayi a 2024 a littafin da ya rubuta tare da ɗansa, ba don ya gano ayoyin suna nufin wani abu dabam ba. Hujjarsa ita ce rahamar Ubangiji tana ta faɗaɗa a tsawon labarin Baibul, don haka coci ta bi inda rahamar ta dosa. Suna kafa misali da yadda aka karɓi waɗanda ba Yahudawa ba a Ayyukan Manzanni sura 15, da yadda coci ta bar kare bauta bayan ta daɗe ana kafa mata hujja da ayoyi.

Ashe ainihin tambayar ita ce: idan nassi da zamani suka yi karo, wane ne zai yi wa wani hukunci? Wannan tambaya ta usulu ce, kuma ita ce ta raba su. Ya kamata mu kuma san cewa yawancin masu neman canjin ba da wasa suke yi ba. Da yawansu 'ya'yansu ko almajiransu ne suka zo musu da kuka, tausayi ya ja su. Sanin haka ba ya sa mu yarda da sakamakon da suka kai, amma yana hana mu yi musu ƙarya.

Yadda Abin Ya Raba Coci-Coci

A taron Lambeth na 1998, bishop-bishop na Angalika daga duk duniya suka zartar da ƙudurin da ya ce aikata luwaɗi ya saɓa wa Littafi, da ƙuri'a 526 a kan 70, kuma ƙudurin ya yi kira a saurari masu wannan hali, a kula da su. A Nuwamban 2003 cocin Angalika ta Amurka ta naɗa Gene Robinson, wanda ke zaune da abokin zama namiji, bishop na New Hampshire. Shugaban Angalika na Najeriya a lokacin, Peter Akinola, ya jagoranci adawa. A 2005 cocin Najeriya ta cire ambaton Kantabari daga tsarin mulkinta, a 2008 aka kafa ƙungiyar GAFCON a birnin Ƙudus, kuma bishop-bishop na Najeriya suka ƙaurace wa taron Lambeth na 2008 da na 2022. Da Cocin Ingila ta amince a Fabrairun 2023 da yi wa ma'auratan jinsi addu'ar albarka, taron GAFCON na Kigali a Afrilun shekarar ya ce ya daina amincewa da jagorancin Kantabari, sannan a Oktoban 2025 ƙungiyar ta shelanta cewa ta raba gari da tsoffin hukumomin tarayyar. Dayosis ɗin Angalika na Dutse, a nan Jigawa, ƙarƙashin wannan coci ta Najeriya yake.

A Katolika, takardar da fadar Fafaroma ta fitar a Disambar 2023, zamanin Fafaroma Francis, ta ba da damar sa wa irin waɗannan mutane albarka ba tare da an kira shi aure ba. A Janairun 2024 bishop-bishop na Afirka, ƙarƙashin Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, suka ce ba za a yi haka a cocinsu ba. Na kusa da mu shi ne na 'yan Metodis a Taraba. Babban taron cocin a Amurka ya ɗage haninsa a Mayun 2024, Bishop John Wesley Yohanna ya fice da mabiyansa a Yulin shekarar, waɗanda suka zauna kuma suka ce su ma ba su yarda da auren jinsi a Najeriya ba. Duk da haka rigimar mallakar coci da kadarori ta yi zafi har aka rasa rayuka a ƙaramar hukumar Karim Lamido a Disambar 2024. Mutanen da ra'ayinsu ɗaya ne a kan mas'alar suka zubar da jinin juna a kanta. Allah Ya kiyashe mu.

Me Ya Shafe Mu?

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Hujjar da Bailey ya kawo a 1955 ta riga ta iso ga Alƙur'ani. A 2010 Scott Kugle, wani malamin jami'a Musulmi a Amurka, ya wallafa littafi yana cewa laifin mutanen Annabi Luɗu (AS) fyaɗe ne da cin zarafin baƙi da ƙaryata Manzo. Mobeen Vaid ya yi masa raddi mai tsawo a 2016, kuma a Mayun 2023 malaman Musulunci fiye da ɗari a Amurka da Kanada suka sa hannu a wata sanarwa da ta jaddada matsayin da aka sani. Waɗannan rubuce-rubuce duk suna intanet, kuma ɗalibinmu na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa zai iya cin karo da su a wayarsa yau da dare. Idan abin da ya tanada kawai shi ne tsinuwa, ranar da aka jero masa hujja zai rasa ta cewa.

Amsar kuwa tana nan ga wanda ya yi karatu. Ƙissar ta zo a A'araf da Hudu da Hijri da Shu'ara da Namli da Ankabut. A'araf aya ta 81 da Namli aya ta 55 sun ambaci aikin da kansa, wato je wa maza da sha'awa a bar mata, ba tare da sharaɗin tilastawa ba. Ankabut aya ta 29 ta ƙara da tare hanya da aikata munkari a majalisa, wanda ke nuna waɗannan ƙarin laifuka ne a kan na farko. Harshen da Alƙur'ani ya sauka da shi yana raye, ana karanta nahawunsa da lugarsa a zaurukan Haɗeja har gobe, ga Sunna tana bayani, ga ijma'in malamai. Gaskiya ne fatawa tana canjawa da canjin zamani da al'ada, amma a abin da aka gina a kan al'ada ko ijtihadi. Abin da nassi yankakke ya tabbatar ba ya cikin wannan. Garinmu ya yi suna da haddar Alƙur'ani, sai dai hadda ita kaɗai ba ta amsa shubuha. Duk wanda ya ga yadda jama'a suka kwana suna jera buhunan yashi a bakin jinga a ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san ruwa ta wurin da ya yi rauni yake ɓallewa. Wurin rauninmu shi ne ƙarancin usulul fiƙhi da ƙa'idojin tafsiri a tsakanin matasa masu karatun boko.

Darasi na biyu shi ne adalci da tabbatar da labari. Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayya ta sa mu bar adalci, Ankabut aya ta 46 ta umarce mu da kyakkyawar hanya wajen muhawara da Ma'abota Littafi, Hujurat aya ta 6 kuma ta wajabta bincike kafin ɗaukar labari. Mun ga abin da ya faru a Yulin 2024, lokacin da wata jarida ta ce yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu ta ƙunshi sharaɗin amincewa da auren jinsi. Huɗubobi suka ɗau zafi, saƙonni suka cika wayoyi, daga baya hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta nemi afuwa. Nawa ne daga cikin waɗanda suka yaɗa labarin farko suka yaɗa na biyu?

Darasi na uku shi ne wanda na fi jin tsoro a kansa. Haramcin aiki bai ba kowa lasisin farautar mutane ba. A Janairun 2014, watan da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wani taron jama'a ya yi ta jifan wata kotun Shari'a a Bauchi ana tsakiyar sauraron ƙarar wasu da ake tuhuma, har sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Wannan ba kishin addini ba ne, domin wanda ya jefi kotun Shari'a ya raina Shari'ar. Musulunci ya hana leƙen asiri da mummunan zato a Hujurat aya ta 12, ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu son yaɗuwar labarin alfasha a Nur aya ta 19, ya kuma sa bulala tamanin ga mai ƙazafi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a gaban malamanmu, ta bayyana cewa wanda ya jefi wani da kalmar luwaɗi haddin ƙazafi ya hau kansa. To ina matsayin wanda ya ɗora hoton yaron mutane a Facebook don tafiyarsa ko muryarsa ba ta yi masa ba? Wannan ya ɗauki zunubi tabbatacce don ya hukunta zunubin da yake zato.

Haka nan, a cikin masu karanta wannan rubutu ba mamaki akwai wanda Allah Ya jarrabe shi da wannan karkata a zuciyarsa, yana ɓoyewa, yana kuka shi kaɗai. Ɗan uwa, hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba. Kai Musulmi ne, jininka da mutuncinka haramun ne a kan kowa, haƙurinka ibada ne, kuma ko ka faɗa, ƙofar tuba ba ta rufe ba. Nasihata ga malamanmu da iyayenmu ita ce su zama mutanen da irin wannan yaro zai iya tunkara ba tare da ya ji tsoron tonon silili ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka rungumi sabuwar fassara a cocin Turai da Amurka sun yi haka ne bayan sun ga wulaƙancin da aka yi wa na kusa da su da sunan addini. Idan muka bar zagi da duka suka zama su ne amsarmu, da hannunmu za mu tura 'ya'yanmu wurin masu cewa nassin ne matsala.

Kammalawa

Abin da nake roƙon 'yan uwana matasa abu uku ne. Kada mu jingina wa maƙwabcinmu Kirista abin da bai faɗa ba, in muna son sanin matsayin cocinsa mu tambaye shi cikin ladabi. Mu koma gaban malamai mu karanci usulu da ƙa'idojin tafsiri, ko da ƙaramin littafi ne irin Waraƙat, domin mu san dalilin abin da muka yi imani da shi. Sannan mu kame harsunanmu da hannayenmu da wayoyinmu daga mutuncin bayin Allah, mu bar hukunci ga masu shi.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Ya shirya mana zuriyarmu, Ya zaunar da garinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.